Kwalbar Da Ke Ƙasan Kwandon Ƙarshen Shekara

 

Duk wanda ya yi aikin ofis a Kaduna, ko ya yi hulɗar ciniki da manyan kamfanoni, ya san cewa da zarar watan Disamba ya raba tsakiya sai motoci su shiga kewaya Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki suna sauke kwanduna a ƙofar gidajen manya. A cikin kwandon akan sami biskit da madara da man girki da kalanda. Yawancin masu aikowa sun san gidan Musulmi za a kai, saboda haka sai su sa ruwan inabi irin wanda ba ya sa maye. Amma akan sami wanda bai kula ba, ko wanda ya ga cewa babban mutum sai babbar kyauta, sai ya kwantar da wata kwalba mai duhu a ƙasan kwandon, an rubuta mata suna da harshen Italiya, an kuma buga mata shekarar da ta girmi wasu 'ya'yan gidan. A kan wannan kwalba muke so mu yi magana da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikata.

Mun fi shekara 20 muna amsa tambayoyi bayan karatun magariba, ba a taɓa samun wanda ya zo ya tambaye mu hukuncin burkutu ba, ko hukuncin giyar kwalba irin wadda aka fara yi a Kakuri a 1963. Kowa ya san matsayin waɗannan. Tambaya kullum a kan mai tsadar take zuwa. Sai mutum ya jira jama'a su watse, ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, an ce kuɗinta ya fi albashina na wata. Yanzu haka nan za a tuttular?" Mai wannan tambaya ba sha yake nufi ba, Allah ya kiyaye. Abin da ke damunsa shi ne an tarbiyyantar da shi a kan cewa almubazzaranci haramun ne, ga shi kuma ana ce masa ya zubar da abin da duniya ke kira dukiya. Wannan damuwa ce ta mutumin kirki, bai kamata a amsa masa da tsawa ba.

Akwai dalilin da ya sa kwalbar Turai take da kwarjini a idon ma'aikaci a garin nan. Tun a taron Burasel na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma da Ingilishi suka kama ƙasar Arewa sai suka hana a sayar wa 'yan ƙasa barasar waje. Amma su kansu suna sha a kulob ɗinsu, musamman bayan da Kaduna ta zama hedkwata a 1917. Ta haka akawu da masinja suka tashi suna ganin kwalba a kan teburin Razdan da Joji, abin da aka hana na ƙasa aka bar wa na sama. Ko da dokar Penal Code ta Jihar Arewa ta fara aiki a 1960, wadda sashenta na 403 ya sa hukunci a kan Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba, wancan kwarjini bai fita daga zukata ba. Har yanzu akwai wanda zai ƙyamaci tulun burkutu, amma ya ajiye kwalbar Italiya a kabad na gilashi a falonsa don baƙi su gani.

Malaman fiƙihu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san ko mene ne shi. To, bari mu san ta.

A arewa maso yammacin Italiya akwai lardin da ake kira Piyemonte, a cikinsa akwai wani ƙauye a kan tudu mai suna Barolo, kusa da garin Alba. Giyar da ake kira Barolo sunan ƙauyen nan ta ci, kuma dokarsu ba ta yarda a kira wata giya da wannan suna ba sai an yi ta da irin inabi guda ɗaya tak, wanda suke kira Nebbiolo, an kuma noma shi a cikin ƙauyuka 11 da aka ƙayyade. Ana cewa sunan inabin daga kalmarsu ta hazo ya samo asali, domin ba ya nuna sai wajen Oktoba, sa'ad da hazo ke lulluɓe tuddan. Ruwan inabi fari ne a asalinsa ko da na baƙin inabi ne, jan daga ɓawo yake fitowa. Saboda haka sai a murƙushe 'ya'yan, a bar ruwan da ɓawon da ƙwallon wuri ɗaya har kwanaki ko makonni. A nan ne yis, irin wanda masu burodi ke sawa a ƙullu, yake cinye zaƙin ya mai da shi sinadarin da ke sa maye. Abin da ke samun kunun zaƙi ko zoɓo ke nan idan aka bar shi cikin zafi har ya soma kumfa, sai dai can da gangan ake yi, da awo da lissafi.

Ɓawon da ƙwallon kuma suna sakin wani abu mai bauri, irin baurin da ke kama harshen mai cin goro, danginsa ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Kamar yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa, haka wannan bauri yake taimakon giyar ta daɗe ba ta lalace ba, kuma inabin Nebbiolo yana da shi da yawa. Shi ya sa ba a gaggawar fitar da ita. Doka ta wajabta a ajiye Barolo wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako, wadda ake kira Riserva kuwa sai ta yi wata 62. Takwararta ta lardin Toskana, watau Brunello ta garin Montalcino, da inabin Sangiovese zalla ake yin ta, ba ta kuma shiga kasuwa sai a watan Janairu na shekara ta biyar bayan girbi. Dukansu biyu sun sami hatimin gwamnati mafi girma a 1980, shi ne 'yar takardar nan mai lamba da ake liƙawa a wuyan kwalba.

Masu shanta sun ce tana sabuwa kaushi gare ta, tana ɗaure baki. Bayan shekara 10 ko 20 a kwalba sai baurin ya kwanta, launin ya juya daga ja mai duhu zuwa irin na jan bulo, wani gari-gari ya taru a ƙasa. Sukan siffanta ƙanshin tsohuwar Barolo da furen wardi da kwalta, wani lokaci su ƙara da fata da ganyen taba. Mu dai mun san warin kwalta a kan titin Kawo da rana tsaka, ba mu kuma taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don ya shaƙa ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abu guda da shekaru ba su taɓawa shi ne abin mayen. Yana nan wajen kashi 14 cikin 100, alhali giyar kwalba ta gama-gari wajen kashi 5 take da shi. Tsohuwa mai tsada ta fi ƙarfin bugarwa kusan ninki uku.

Mu da muka yi karatun lugga ba baƙi ba ne ga irin wannan yabo. Larabawan jahiliyya sun riga Italiyawa. Suna da sunaye barkatai na giya, kowane da siffar da yake nunawa: mu'attaƙa ita ce wadda ta tsufa, mudama wadda ta dawwama a tulunta, kumaitu ja mai sirkin baƙi, sunan da suke kiran doki mai wannan launi, sulafa kuwa ruwan farko da ya tsatso kafin a matse. Har kalmar ƙahwa, wadda daga baya aka ba gahawar da muke sha, asalinta ɗaya ce daga cikin sunayen giya. Amru ɗan Kulsumu da zancen giya ya buɗe mu'allaƙarsa. Fatake sukan kawo mai kyau daga Sham, su kafa tuta a kan tantinsu don mashaya su gane. A cikin littattafan sira ana ba da labarin mawaƙi A'asha, wai ya kamo hanya zai musulunta sai aka tare shi aka ce masa Muhammadu yana hana giya, ya ce to bari ya koma ya sha ta shekara guda tukuna, ya koma, bai kai shekarar ba ya mutu. Wasu malamai sun yi magana a kan lokacin da aka ce abin ya faru, tun da a Madina aka haramta giya, amma labarin ya nuna irin matsayinta a zukatansu. Waɗannan mutane, waɗanda suka san bambancin sabuwa da tsohuwa, su aka saukar wa hani. Kuma hanin bai ware giyar inabi ta Sham daga tsimin dabinon da mutanen Madina suka fi sha ba. Anas ɗan Malik yana cikin shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha labari ya iso, aka ce ya tashi ya zubar, ba wanda ya tsaya tambayar nawa aka sayo.

Daga ina tsadar take zuwa? Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. Gonakin ƙididdigaggu ne, ba a iya ƙara su. Mai gona kuma yana zuba kuɗi a bana, ba zai ga kwabo ba sai bayan shekara huɗu ko biyar, ga ladan ma'aikata, ga ganguna, ga ɗakin ajiya. Duk wanda ya taɓa ɗaure jarinsa a hatsi ko tayil ya jira kasuwa ya san nauyin wannan. Sa'an nan ga sunan gida, domin akwai iyalan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kwalbar wasunsu takan haura Yuro 1,000. Ba mu ga abin musu a nan ba. Akwai haƙuri da ƙwarewa a cikin aikin, kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya tabbatar da cewa akwai wasu amfanoni ga mutane a cikin giya da caca, sa'an nan ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Masu tafsiri da yawa sun ce ribar fatauci tana cikin amfanin da ake nufi. Watau tun farko shari'a ta san akwai kuɗi a ciki, da saninta ta hana.

Sauran tsadar kuwa amana ce kawai, tun da mai saye ba ya iya buɗewa ya ɗanɗana kafin ya biya. Inda amana ta yi tsada kuwa nan maha'inta ke taruwa. A 1986 wasu dillalai a lardin Piyemonte ɗin nan suka zuba sinadarin metanol a giya mai araha don su ƙara mata ƙarfi, mutum kimanin 20 suka mutu, wasu suka makance, kasuwar giyar Italiya ta faɗi a ƙasashen waje. A 2008 kuma hukuma ta binciki wasu masu yin Brunello bisa zargin suna gauraya wani inabi dabam, har Amurka ta yi barazanar hana shigar da ita.

Ga wani abu kuma da masu ajiye kwalba a falo ba su lura da shi ba. Wannan giya ba ta son zafi ko haske. Masu ita a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye ta, inda ma'aunin zafi yake wajen 12 zuwa 14, kwalbar a kwance don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga. A Kaduna kuwa, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan haura 35. Kwalbar da ta yi bazara biyar a tsaye cikin kabad ta riga ta dahu, ko a wurin masu ita ba ta da sauran daraja. Yawancin dukiyar da ake jin ciwon zubarwa ta daɗe da tafiya. Amma ba a kan wannan muka gina hukunci ba, ko da jiya aka fito da ita daga rumbun Barolo hukuncin ɗaya ne.

A wurin malaman fiƙihu, abin da mutane ke biya dabam, abin da shari'a ta yarda a kira dukiya dabam. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya kawo sharuɗɗan abin da ake sayarwa, daga ciki akwai ya zama mai tsarki, ya zama ana amfani da shi ta hanyar da shari'a ta yarda, kada kuma ya zama an hana sayar da shi. Giya ta faɗi a duka ukun. Gaskiya ne an ruwaito daga Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad cewa ita kanta ba najasa ba ce, amma ba ɗayansu da ya halatta cinikinta. Asalin mas'alar tamu ma tana cikin Muwaɗɗa, kamar don ma'aikacin Kaduna aka ruwaito ta. Wani mutum ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, kyautar salkar giya, bai san an haramta ba. Da aka sanar da shi sai ya raɗa wa na kusa da shi wata magana. Annabi (S.A.W.) ya tambaye shi abin da ya raɗa, ya ce ya umarce shi ne ya je ya sayar. Sai aka sanar da shi cewa wanda ya hana shan ta shi ne ya hana sayar da ita. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar har ta ƙare. Ku lura, tunanin farko da ya zo wa wannan bawan Allah shi ne irin wanda ke zo wa mai tambayarmu: tun da ba za a sha ba, kada kuɗin ya tafi a banza.

Saboda haka giya a hannun Musulmi ba ta shiga lissafin zakka, ba a biyan bashi da ita, ba a jinginar da ita, ba ta zama sadaki, ba ta kuma shiga gado. Wannan na ƙarshen mun gan shi da idonmu. An taɓa kiranmu rabon gado a wani gida a Unguwar Rimi. Mamacin tsohon babban ma'aikaci ne da ya daɗe yana hulɗa da 'yan kwangilar Turai, kuma an san Italiyawa sun yi manyan ayyuka a ƙasar nan, su suka gina madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968, da ta Bakolori bayanta. Ya bar mata biyu da 'ya'ya 11, uku daga ciki ƙanana. Ana cikin ƙidayar kaya sai aka ci karo da kwali a sito, kwalabe 9 a ciki, ba a buɗe ko ɗaya ba. Matansa da abokansa duk sun shaida bai taɓa sha ba. Kunyar mayarwa ce ta sa ya karɓa, ganin tsada kuma ya hana shi zubarwa, har ajali ya riske shi ya bar wa magada rigima. Ɗaya daga cikin 'ya'yan, mai ilmin zamani ne kuma mai tausayin ƙannensa, ya duba sunayen a wayarsa ya ce, "Malam, kuɗin waɗannan zai biya wa yaran nan makaranta. Haƙƙin marayu ne, ba namu ba ne balle mu yafe."

Hujja ce mai ƙarfi, kuma an riga shi kawo ta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da wasu marayu da suka gaji giya, aka ce ya zubar. Ya nemi izinin ya mai da ita khal don kada marayun su yi hasara, ba a ba shi ba. Shari'ar da ta yi kashedi mai tsanani a kan cin dukiyar maraya ita ce ta ce a zubar da wannan, da kuwa dukiya ce da ba ta ce haka ba. Muka karanta musu wannan. Babban wansu, wanda ke da shago a Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, ya ce ya ɗauki nauyin karatun yaran uku. Shi kuwa mai wayar bai ce komai ba, bai kuma fito bayan gida ba sa'ad da ake tuttulawa a kwata. Ba mu ga laifinsa ba, abin da nauyi.

To, a nan akwai wata fuska ta hukuncin da matasanmu masu zafin kai ba su cika sani ba, alhali a gari irin Kaduna sanin ta wajibi ne. Kwalbar nan da ba ta da ƙima a hannun Musulmi, a hannun Kirista dukiya ce. A mazhabar Imamu Malik, haka kuma a ta Abu Hanifa, idan Musulmi ya fasa giyar wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana a cikin Musulmi, sai ya biya shi ƙimarta. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad ba su ga biya ba, amma mu a nan Malikawa ne. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana ma'aikatansa karɓar giya a matsayin haraji, ya ce su bar masu ita su sayar da kansu, sa'an nan a karɓa daga kuɗin. In haka ne hukuncin wanda ke ƙarƙashin daular Musulunci, ina ga abokin zama wanda ƙasa ɗaya ta haɗa mu da shi a kan daidaito? Tun bayan rikicin 2000 mutane suka rarrabu, yawancin Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, yawancin Kirista a kudancinsa, amma ofisoshi da bankunan titin Ahmadu Bello da kasuwa har yanzu suna haɗa mu kowace safiya. Ɗan kasuwar da mai shagon giya ya zo sayen atamfa ko siminti a wurinsa, in ba Musulmi ba ne, ya karɓi kuɗinsa, halal ne. Wanda kuma ya ga kwalba a motar abokin aikinsa Kirista ba shi da ikon taɓa ta. Abin da aka hana shi ne kai ka zama ɗaya daga cikin mutum goma da hadisin Tirmizi ya ambata da la'ana, waɗanda suka haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da wanda aka kai wa da mai shayarwa da mai sayarwa da mai cin kuɗin.

Daga nan amsar sauran tambayoyin take fitowa. Mafi sauƙi shi ne a duba kwando tun ɗan aike yana tsaye, a ce masa ya koma da kwalbar da hannunsa, a haɗa shi da godiya da kyakkyawar magana. Ba ta shiga mulkinka ba, tana nan ta mai ita. Kada ka karɓa sa'an nan ka ɗora wa direbanka Musulmi ya mayar, ka fita ka jefa shi cikin masu ɗauka. Wanda kuwa ya riga ya karɓa ta kwana a gidansa, abin da muke gani shi ne ya zubar. Akan ce, to a ba mai gadi ko kuku tun da shi addininsa bai hana shi ba, har a kawo hujja da rigar alharinin da Sayyidina Umar ya aika wa ɗan'uwansa mushiriki a Makka. Ƙiyasin bai daidaita ba. Alharini halal ne a kansa, mata suna sawa, ana cinikinsa, maza kawai aka hana. Giya kuwa miƙa ta ga mai sha shayarwa ce. 'Yan kasuwarmu masu sayo takalma da tayil da kujeru daga Italiya su ma su kula da abin da abokan hulɗa ke cusawa a kwantena da sunan tsaraba, su faɗa musu tun da wuri. Mun ga Turawa suna girmama wanda ya faɗi matsayinsa a fili fiye da wanda ya karɓa yana murmushin dole.

Ma'aikacin gwamnati kuma yana da wata tambayar da ta riga ta kwalba, watau shi kansa kwandon. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 su ma sun hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikin ofishinsa. Ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke kan teburinka bai aiko maka da kwalbar Yuro ɗari don yana ƙaunarka ba. Mun sha ganin wanda ya zubar da giyar yana istigfari, ya sa aka shigar da sauran kayan ɗakin uwargida.

Game da masu cewa likitoci sun ce jar giya tana gyara zuciya, ba za mu tsawaita ba. Magana ce da ta yaɗu daga wajen 1991, amma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Ɗariƙ ɗan Suwaid ya taɓa gaya wa Annabi (S.A.W.) cewa don magani yake yin ta, aka sanar da shi cewa ita cuta ce.

Kada wani ya ɗauka gaba muke yi da Italiya ko da inabi. Tsibirin Siƙilliya da ke kudancin ƙasar ya zauna a hannun Musulmi fiye da shekara 200, tun daga 827 da Alƙali Asad ɗan Furat, almajirin Imamu Malik, ya jagoranci rundunar da ta sauka can. Cikin malamai huɗu da Shaihu Halil ya dogara da zaɓinsu a Muhtasar, biyu suna da nasaba da tsibirin nan, watau Ibnu Yunus da Imam Maziri, wanda aka jingina shi ga garin Mazara. Duk almajirin da ya buɗe Muhtasar a zauren Tudun Wada yana cin gajiyar malaman Siƙilliya ko bai sani ba. Har yau akwai inabin da suke kira Zibibbo, daga kalmar Larabci da mu ma muka ara muka ce zabibi.

Mai sha'awar abin da shekaru suka gyara kuma ba a rufe masa ƙofa ba. A garin Modena ana dafa ruwan inabi har ya yi kauri, a zuba a jerin ganguna na itatuwa iri-iri, kowace shekara a ɗebo daga babba a ƙara wa ƙarama, ba a kuma yarda a sayar da shi da sunan khal na gargajiya sai ya shekara 12, mafi daraja sai 25. Baƙi ne mai kauri, ga zaƙi ga tsami, a 'yar kwalba mai cin mililita 100 ake sayar da shi, ana ɗiga shi a abinci ɗigo-ɗigo saboda tsada. Khal yana samuwa ne idan iska ta shiga abin da ya tsimu, wasu ƙwayoyin halitta su cinye abin mayen su mai da shi tsami. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Saɓaninsu a kan Musulmi ya juyar da ita da gangan ne: Abu Hanifa ya halatta, Shafi'i ya ce in an jefa wani abu a ciki ba ta tsarkaka, a mazhabarmu kuwa an sami ruwayoyi, amma Halil ya lissafa wadda aka mai da khal cikin abubuwa masu tsarki. Mu dai, saboda hadisin marayun Abu Ɗalha, ba mu ba kowa fatawar ya ajiye kwalba a gidansa yana jiran ta yi tsami. Khal ɗin da mutanen Modena suka yi da hannunsu kuwa, ɗan kasuwa ya sayo ya sayar, a ci a gidan Musulmi, in ya kai nisabi tare da sauran hajarsa ya fitar masa da zakka. Allah shi ne mafi sani.